Wata takwas ina kallon darussan kodin, amma na kasa rubuta layi goma da kaina

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 16, saura min shekara biyu in gama sakandare, kuma burina in karanci kimiyyar kwamfuta a jami'a. A makaranta ina cin jarrabawar kwamfuta sosai, domin abin da ake tambaya bai wuce sassan kwamfuta da tarihinta da yadda ake amfani da Word da Excel ba. A gida kuma na yi wata takwas ina kallon darussa a YouTube. Na fara da HTML, na koma Python, sai aka ce min JavaScript ake yayi, na koma can. Idan mai koyarwa yana rubutu ina binsa, komai tafiya yake daidai. Amma kwanan nan malaminmu ya ce in rubuta ɗan shiri da zai karɓi makin ɗalibai ya fitar da wanda ya fi kowa, na zauna awa guda ban rubuta komai ba. Daga ƙarshe ChatGPT na tambaya, ya ba ni, na miƙa, aka yaba min, ni kuwa na san ba aikina ba ne. Ga shi ba ni da ƙarfi a lissafi. Waya gare ni, sai tsohuwar laftof ɗin yayana da nake samu Asabar da Lahadi. Shin kaina ne ba na wannan fanni ba? Kuma me ya kamata in iya kafin in gama sakandare?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kanki lafiyarsa ƙalau. Abin da kika koya a wata takwas ɗin nan shi ne gane kod idan kin gan shi, wanda ya sha bamban da fito da shi daga kanki. Mai koyarwa a bidiyo ya gama tunaninsa tun kafin ya kunna kyamara. Ya san inda zai fara, ya san inda zai dire, ke kuwa yatsunki kawai ke binsa. Ranar da malaminku ya ba ki wannan aiki ita ce rana ta farko da aka ce ki yi ɓangaren da ba a taɓa nuna miki ba, shi ya sa kika tsaya cak. Duk wanda ya koya da kallo zalla a nan yake maƙalewa.

A matakinki, kimiyyar kwamfuta kusan duk ta taru a kan abu ɗaya: ki iya farfasa matsala zuwa ƙananan matakai waɗanda na'urar da ba ta da hankali ko na ƙwayar zarra za ta iya bi, sannan ki iya bin matakan nan da biro da takarda, ki faɗi abin da zai fito kafin kwamfuta ta faɗa. Word da Excel ki riƙe su, za su yi miki rana, amma amfani ne da abin da wasu suka gina. Fannin da kike so na masu ginin ne.

Mu koma kan aikin da ya kayar da ke. Rufe laftof tukuna. Ki ɗauka takardun jarrabawa biyar ne a gabanki a kife, kuma doka ita ce ɗaya-ɗaya za ki riƙa buɗewa, in kin duba ki mayar ki kife. Kin buɗe ta farko, 62. Ba ki da abin kwatantawa, sai ki riƙe 62 a ranki a matsayin mafi girma zuwa yanzu. Ta biyu 45, ba ta kai ba, ki wuce. Ta uku 88, ta fi, sai ki saki 62 ki kama 88. Haka har ta ƙarshe. Ɗan firamare zai yi wannan bai ma san ya yi wani abu ba, kuma shirin da aka ce ki rubuta ke nan, babu ƙari. Irin wannan jerin matakai shi ake kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, fiye da shekara dubu kafin a ƙera kwamfutar lantarki. Da alƙalami ya yi nasa.

Ga tunanin nan a harshen Python:

```
maki = [62, 45, 88, 71, 90]
babba = maki[0]
for m in maki:
    if m > babba:
        babba = m
print(babba)
```

Kada ki kunna shi. Ki ja layi uku a tsaye a takarda: na farko m, na biyu "ya fi babba?", na uku babba. Ki cike su zagaye bayan zagaye: 62, a'a, 62. Sai 45, a'a, 62. Sai 88, e, 88. Sai 71, a'a, 88. Sai 90, e, 90. Yanzu kin san 90 zai fito, kuma kin san dalili. Wannan jadawalin bin sawu shi ne abu mafi daraja da za ki fita da shi daga sakandare a wannan fanni, kuma ba ya bukatar caji ko data. Daga yau, duk wani kod da bai wuce layi goma sha biyar ba, ki bi sawunsa a takarda ki rubuta hasashenki kafin ki kunna. Inda hasashenki ya saɓa da abin da ya fito, nan ne daidai inda ba ki gane ba, kuma nan ne darasin ranar.

Sannan ki tsananta wa layukan nan shida da tambaya. Me ya sa aka fara da `maki[0]`, wato lamba ta farko a jerin, ba a fara da sifili ba? Domin da ma'aunin sanyi ne kike dubawa, lambobin su ne -3 da -7 da -1, babu wadda za ta fi sifili, sai shirin ya ce miki 0, lambar da ko a jerin babu ita. In jerin babu komai a ciki fa? Zai tsaya da kuskure mai suna IndexError tun a layi na biyu, don haka sai kin fara duba ko akwai maki kafin ki nemi babbansu. Malaminku kuma wanda ya fi kowa ya tambaya, wato suna, don haka sai kin riƙe suna tare da maki. To in mutum biyu suka yi kunnen doki a 90? Da alamar `>` na farko zai zauna, da `>=` na ƙarshe zai ture shi, kuma ko wanne kika zaɓa an danne wa ɗaya hakkinsa, sai dai ki tara sunayen a wani jeri daban. Python yana da `max` da ke yin aikin a kalma ɗaya, za ki yi amfani da shi nan gaba, amma sai bayan kin iya rubuta naki.

Maganar harshe kuwa, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ki zauna a kan Python shekara guda cur. HTML ba ya cikin lissafin nan, domin tsara shafi yake yi, ba shi da sharaɗi, ba shi da zagaye. JavaScript harshe ne na gaske, amma yana yawan haɗiye kuskure ya ci gaba da tafiya, mai koyo kuwa gara wanda zai tsayar da shi ya nuna masa layin. Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991, kuma Python 3 ake amfani da shi yanzu. Idan kika ga darasin da ake rubuta `print` babu baka biyu, na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020, ki wuce shi. Abubuwan da za ki ƙware a kai ba su da yawa: ma'ajiya mai suna irin `babba`, sharaɗi da `if`, zagaye da `for` da `while`, jeri, ƙamus mai haɗa suna da ƙima, sai fankishin, wato guntun aiki da kika raɗa wa suna da `def` don ki riƙa kiransa. Waɗannan suna cikin kusan kowane harshe, kayan da suka sa ne kawai ya bambanta. Wanda ya iya su a Python, makonni kaɗan sun ishe shi ya fara rubutu da wani.

Yanzu kurakurai, inda mafi yawan lokacinki zai tafi, kuma haka yake ga ƙwararru ma. Iri biyu ne. Akwai mai ihu, wanda shirin zai tsaya ya zubo jan rubutu. Kada ki firgita ki rufe. Ki karanta daga ƙasa: layin ƙarshe shi ke faɗin sunan kuskuren, na samansa kuma ya nuna lambar layin da abin ya faru. NameError na nufin kin kira sunan da bai sani ba, galibi kin rubuta `Maki` a wuri ɗaya, `maki` a wani, kuma a wurinsa babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne. SyntaxError yawanci ruwa biyun ƙarshen layin `if` ko `for` kika manta, ko kin buɗe baka ba ki rufe ba, ko kin sa `=` a sharaɗi inda ake son `==`. Ta farko zubawa take yi a ma'ajiya, ta biyu tambaya take yi ko abu biyu daidai suke. IndentationError kuma tura layi ciki ne bai daidaita ba. Gurbi huɗu ake turawa, ki tsaya a kan haka. TypeError na fitowa idan kin haɗa rubutu da lamba.

Mai ihu ma mai sauƙi ne. Wanda ya fi haɗari shi ne mai shiru, shirin ya tafi lafiya lau ya ba ki amsar ƙarya. Ga wanda ke jiran ki a aikin makin nan. Duk abin da `input` ya karɓo daga mai amfani rubutu ne, ko da lamba aka buga. Shi ya sa "2" da "3" in an haɗa suke ba da "23". Rubutu kuma baƙi-baƙi ake kwatanta shi daga hagu, kamar a ƙamus, don haka "9" ya fi "80" tunda 9 ta fi 8, kuma "100" bai kai "45" ba tunda 1 ba ta kai 4 ba. In kin manta mayar da makin lamba da `int`, mai maki 9 zai zo na ɗaya a aji, mai 100 ya koma ƙarshe, kuma babu jan rubutun da zai gargaɗe ki. Wani kuma: ki ce a tara lambobi daga 1 zuwa 100 da `range(1, 100)`, sai ki ga 4950. Amsar gaskiya 5050 ce. `range` ba ya taɓa lambar ƙarshe, a 99 yake tsayawa, sai kin rubuta 101. Haka `if zabi == 1 or 2` kullum gaskiya yake bayarwa ko me aka zaɓa, domin Python yana ɗaukar 2 ita kaɗai a matsayin gaskiya. Sai kin cika kowane ɓangare: `zabi == 1 or zabi == 2`.

Maganin mai shiru shi ne ki san amsar kafin ki tambaya. Ki gwada da ƙaramin misali da kika riga kika lissafa da hannu, sannan ki gwada da bakin iyaka: jeri marar komai, jeri mai abu ɗaya, lambobi iri ɗaya, sifili, lamba ƙasa da sifili. In amsa ta karkace, ruwa ba ya tsami banza. Ki sa `print` a cikin zagayen ya riƙa nuna miki ƙimar kowace ma'ajiya, ki kwatanta da jadawalinki na takarda har ki ga zagayen da suka rabu. Abu ɗaya za ki canza a lokaci guda, ki sake kunnawa. Mai canza wuri huɗu a tare, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba.

Bayan wata biyu ko uku, ki fara tambayar da ta raba mai kodin da mai kimiyyar kwamfuta: matakai nawa wannan hanya take ci? Ki sa yayanki ya riƙe lamba tsakanin 1 da 100 a ransa, ke kuma ki riƙa canka, shi yana cewa "sama" ko "ƙasa". In kika bi 1, 2, 3, kina iya kaiwa canka ɗari. In kika riƙa raba abin da ya rage biyu, ba za ki wuce bakwai ba. A ce 83 ya riƙe: 50 sama, 75 sama, 88 ƙasa, 81 sama, 84 ƙasa, 82 sama, 83. Da tsakanin 1 da 1,000 ne, goma ta isa. Da miliyan ne, ashirin. Sharaɗin kawai shi ne abubuwan su kasance a jere daga ƙarami zuwa babba, in ba haka ba "sama" da "ƙasa" ba su da ma'ana.

Ki rubuta wannan da kanki, kuma ga ramin da kusan kowa ke faɗawa. Kina da iyakar ƙasa da iyakar sama, kina ɗaukar tsakiyarsu. Idan aka ce sama, sabuwar iyakar ƙasa ita ce tsakiya da ƙarin ɗaya. In kin manta ƙarin ɗayan nan, ki dubi abin da zai faru lokacin da ya rage 82 da 83: tsakiya 82, an ce sama, iyakar ƙasa ta zama 82, tsakiya ta sake zama 82, haka har abada. Allo zai yi tsit kamar kwamfuta ta mutu, alhali gudu take a wuri ɗaya. Ki danna Ctrl da C ya tsaya. Daga nan ki wuce zuwa jera lambobi. Hanyar kwatanta kowace da kowace tana cin kwatance kusan 500,000 a kan lambobi 1,000, hanyar raba jeri biyu-biyu a haɗe kuma kimanin 10,000. Ta farkon kawai za ki rubuta a yanzu, amma ki san dalilin tazarar.

Abu na gaba shi ne yadda kwamfuta ke ajiye bayanai, wanda a makaranta ake haddacewa a wuce. Komai sifili da ɗaya ne. Don mayar da 13, ki yi ta rabawa da 2 kina rubuta saura: 6 saura 1, 3 saura 0, 1 saura 1, 0 saura 1. Ki karanta saurar daga ƙarshe zuwa farko, 1101, wato 8 da 4 da 1. Kowane gurbi bit ne, takwas su ne bayit ɗaya, wanda ke ɗaukar ƙima 256, daga 0 zuwa 255. Baƙaƙe ma lambobi ne: A ita ce 65, Z 90, ƙaramar a 97. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa suna can gaba a tsarin Unicode: Ƙ 408, ƙ 409, ɓ 595, ɗ 599, kuma kowane ɗaya bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8. Ki ba `sorted` sunayen Zainab, Ƙasimu, Bala da amina da ƙaramin baƙi, zai jero miki Bala, Zainab, amina, Ƙasimu. Ba shirme ya yi ba, lambobin ya bi. Haka kuma in kika buɗe fayil kika ga ƙ ta rikiɗe ta zama wasu alamomi biyu marasa kan gado, an karanta bayit biyun nan ne da tsarin da ba nasu ba.

Ki buga `0.1 + 0.2` ki ga 0.30000000000000004. Ɗaya bisa goma ba ta ƙarewa a tsarin sifili da ɗaya, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a namu, sai a datse ta. Don haka ba a kwatanta lambobi masu ɗigo da `==`, kuma masu rubuta manhajar kuɗi sukan ajiye kuɗi a mafi ƙanƙantar rabonsa a matsayin cikakkiyar lamba. Gurbin ajiya kuma yana da iyaka. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda an yi ƙoƙarin cusa wata ƙima mai bit 64 a gurbi mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Cikakkun lambobin Python suna faɗaɗa da kansu, amma a harsuna irin C da Java iyakar tana nan.

Game da lissafi, ba za a ɓoye miki ba: a jami'a akwai shi, kuma ba kaɗan ba, don haka kada ki sake shi. Amma wanda kodin na farko ke nema ɗan kaɗan ne, kuma da yawa a nan suke fara jin daɗin lissafin da suka tsana a allo. Kina bukatar rabawa da saura, wanda Python ke rubutawa da `%`. Kina bukatar ninkin 2 har zuwa 1,024 a ka. Kina bukatar "da", "ko" da "ba", wato `and`, `or`, `not`. Gwada su a kan shekarar da Fabrairu ke yin kwana 29: wadda 4 ke rabawa ba saura, sai dai in 100 ma tana raba ta, sai dai kuma in 400 tana raba ta. Ki rubuta sharaɗin da kanki, ki gwada da 2024 e, 2023 a'a, 1900 a'a, 2000 e. In huɗun nan sun fito daidai, kin gane. Abu ɗaya da zai rikita ki: `x = x + 1` a ajin aljabara ƙarya ne, a nan kuwa umarni ne, ɗauki abin da ke cikin x, ƙara ɗaya, mayar ciki.

Sauran abubuwan ba sa bukatar dogon bayani. Ki iya buga rubutu ba tare da kallon yatsu ba, manuniyar hagu a kan F, ta dama a kan J, inda ɗan tudun nan yake, minti goma duk ranar da laftof ta zo hannu. Ki san inda fayilolinki suke, folda ɗaya ga kowane aiki, domin FileNotFoundError galibi fayil ɗin yana nan, a wata folda ce daban da ta shirin. Kada ki raɗa wa fayil ɗinki suna random.py ranar da za ki rubuta wasan canka, in ba haka ba `import random` naki zai ɗauko maimakon na Python. Tunda laftof ɗin ba taki ba ce, ki riƙa kwafe aikinki a wani wuri duk Lahadi. Ki iya bayyana abin da ke faruwa idan kin buga adireshin shafi: DNS, wato kundin adireshin intanet, ya mayar da sunan lambar IP, burauza ta aika buƙata, saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ta maido da shi. Ɗan kwadon HTTPS yana nufin an ɓoye abin da ke wucewa tsakaninku, ba shaida ba ce cewa masu shafin mutanen kirki ne. Kalmar sirri kuma tsawo ne ƙarfinta: ƙananan baƙaƙe takwas suna ba da haɗi kimanin biliyan 209, kowane baƙi da kika ƙara yana ninka wannan sau 26. Kada ki maimaita guda a wuri biyu, kuma ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

ChatGPT da ire-irensa ba haramun ba ne, amma zuwa da kai ya fi aike, musamman ga wadda hanyar take son sani. Ki ba kowace matsala minti talatin naki na kanki, da takarda, kafin ki buɗe shi. In kin buɗe, ki tambaye shi ma'anar saƙon kuskure, ko ki ce ya nuna miki layin da matsala take ba tare da ya gyara ba. In har ya ba ki kod, ki bi sawunsa a jadawali, ki rufe, ki sake rubutawa daga kanki. In kin kasa, ba ki gane ba tukuna. Ki kuma sani yakan kawo kod mai kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa, wanda bai iya bin sawu ba kuwa ba shi da yadda zai kama shi.

Rashin laftof a tsakiyar mako bai cuce ki ba. Litinin zuwa Juma'a, minti talatin: matsala ɗaya, matakai da Hausa a takarda, sannan kod da biro, sannan jadawali. Kina iya gwadawa a waya da manhajar Pydroid 3 in Android ce, amma ki kashe gyaran rubutu na kai tsaye, domin yakan mayar da `print` ya zama `Print`, ya kuma lanƙwasa alamar zance, Python ya ƙi karɓa. A laftof ki saka manhajar rubuta kod mai suna Thonny, yana zuwa da Python a cikinsa, ba shi da nauyi, kuma yana da maɓallin da zai bi shiri layi-layi yana nuna miki ma'ajiyoyi suna canzawa. Bidiyo kuma ki rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinki. Ki fara da jadawalin ninkawa, ƙirga wasula a jimla, juya kalma ta baya, matsakaicin maki, wasan canka. Daga nan ki ɗauki aiki ɗaya ki yi ta raino: shirin da zai karanta sunaye da maki daga fayil, ya fitar da matsakaici da na ɗaya da na ƙarshe, ya jera su, ya rubuta sakamako a sabon fayil. Ɗalibar da ta gina wannan ita kaɗai, kuma za ta iya bayyana kowane layi, ta shirya wa shekarar farko ta jami'a.

Saura maganar malaminku, tunda ga alama ita ke cin ki a rai. Ki rubuta aikin da kanki wannan Asabar ɗin, da suna da maki da kunnen doki. Ranar Litinin ki same shi shi kaɗai, ki ce, "Malam, wancan da na kawo ba ni na rubuta ba, ga wanda na yi da hannuna, a taimaka a duba min, a kuma ƙara min wani." Kafin ki kai masa, ki gwada shi da ɗalibai uku masu maki 9 da 80 da 100. In mai 9 ya zo na ɗaya, ki koma layin `input`.